Daga Kofin Duniya zuwa Kofin Unguwa: Asalin Kuɗin Kyauta da Hukuncinsa a Gasar Ƙwallon Ƙafa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun kuɗin da ke zagayawa a harkar ƙwallon ƙafa, tun daga gasannin ƙasa da ƙasa har zuwa kofunan da matasa ke shiryawa a garuruwa irin su Aliero da Jega da Maiyama. Ta rarrabe ƙulle-ƙulle huɗu da akan cakuɗa: kyautar gasa, albashin ɗan wasa, kuɗin kallo, da caca. Ta nuna cewa abin da ke raba kyauta da caca shi ne aljihun da kuɗin ya fito, kuma a kan wannan ma'auni ƙaramin kofin unguwa yakan fi Kofin Duniya kusa da haɗari.

Gabatarwa

Aliero gari ne da aka sani da noman albasa da kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a 2006. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce. Su biyun da Maiyama duk suna cikin Masarautar Gwandu, ƙasar da ta gaji karatun Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ake karanta Risala da Mukhtasar a zaure. A waɗannan garuruwa, kamar sauran garuruwan Arewa, ƙwallon ƙafa ya shiga rayuwar matasa ta ƙofa uku: filin makaranta da ake bugawa bayan la'asar, gidan kallo da ake biyan kuɗin shiga, da wayar hannu da ke ɗauke da manhajojin caca.

Tambayar da aka fi yi wa malamai ita ce ko ƙwallo halal ne ko haram. Tambayar ta yi faɗi da yawa, domin fiƙihu yana yanke hukunci ne a kan surar aiki da surar ƙulli, sunan da mutane suka ba abu ba ya sauya hukuncinsa. Wasan kansa, idan babu kuɗi a tsakani, mafi yawan malamai suna ganin asalinsa halasci ne muddin bai kai ga barin wajibi ko aikata haram ba. Inda maganar take da nauyi shi ne wajen kuɗi. Saboda haka ya dace a fara da sanin yadda kuɗin ke tafiya.

Yadda manyan gasanni ke samun kuɗi

An kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, a birnin Paris a 1904, kuma an buga Kofin Duniya na farko a Yurugwai a 1930. Hukumar Afirka, CAF, an kafa ta a Khartum a 1957, shekarar da aka fara Kofin Nahiyar Afirka a Sudan. Nijeriya ta ci wannan kofi sau uku, a 1980 da 1994 da 2013, ta kuma fara halartar Kofin Duniya a 1994.

A zangon shekaru huɗu na 2019 zuwa 2022, kuɗin shigar FIFA ya kai kimanin dala biliyan 7.5. Kaso mafi girma ya fito ne daga sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanni, sai kuɗin kamfanonin da ke tallata hajarsu, sai tikitin shiga fili da lasisin amfani da tambarin gasar. Daga cikin wannan ne aka ware dala miliyan 440 a matsayin kyauta a gasar Katar ta 2022. Ajantina da ta ɗauki kofin ta karɓi miliyan 42, Faransa miliyan 30, Maroko da ta zo ta huɗu miliyan 25, kowace ƙasa da aka fitar a zagayen farko kuma miliyan 9. A Kofin Afirka da aka kammala a Abijan ranar 11 ga Fabrairun 2024, Kwaddebuwa ta karɓi dala miliyan 7, Nijeriya da ta zo ta biyu ta karɓi miliyan 4.

Abin lura ga ɗalibin fiƙihu a nan guda biyu ne. Na farko, ƙasashen da ke fafatawa ba su ne suka haɗa kuɗin kyautar ba. Kuɗin zama mamba da kowace ƙasa ke biya a shekara ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai a ambata ba kusa da waɗannan alƙaluma. Na biyu, wanda aka ci ba ya komawa gida da asarar dukiyar da ya ajiye. Asalin kuɗin daga mai kallo ne. Abin da saurayi ya biya a ƙofar gidan kallo a Jega, wani ɓangarensa yana tafiya wajen sabunta katin tashar tauraron ɗan'adam, ita kuma tashar da irin wannan kuɗi take sayen izinin nuna wasa daga masu gasar.

Babin tsere a littattafan fiƙihu

Malaman fiƙihu sun tattauna wannan mas'ala a babin musabaƙa, wato tsere. Shehu Khalil ya kawo shi a Mukhtasar bayan babin jihadi, Ibn Abi Zaid kuma ya kawo shi kusa da ƙarshen Risala. Ibnul Ƙayyim ya rubuta littafi sukutum a kai mai suna Al-Furusiyya.

Asalin tsere ya tabbata a Sunna. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, ya nuna Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ware wa horarrun dawaki doguwar tazara daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma gajeriya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Abu Dawuda ya ruwaito tserensa da Nana A'isha da ƙafa. Game da kyauta kuwa, hadisin Abu Huraira da ma'abota Sunan suka ruwaito ya taƙaita ta ga abubuwa uku: harbin kibiya, tseren raƙuma, da tseren dawaki. Malamai sun bayyana dalilin wannan rangwame da cewa su ne kayan yaƙin wancan zamani.

Daga nan aka kasa kyautar tsere gida uku gwargwadon wanda ya fitar da ita.

Sura ta farko ita ce wani na daban, wanda ba ya cikin masu tseren, ya sa kyautar, kamar sarki ko attajiri. Wannan babu saɓani a kan halascinta a abubuwa ukun nan.

Sura ta biyu ita ce ɗaya daga cikin masu tseren ya sa kyautar shi kaɗai. Jumhuru sun halatta. Imamu Malik ya ƙara sharaɗi mai tsauri: kuɗin ba zai koma hannun wanda ya sa shi ba. In wani ya riga shi, ya ɗauka. In shi ya riga, kuɗin ya tafi ga wanda ke biye da shi, ko ga mahalarta idan su biyu ne kawai.

Sura ta uku ita ce kowa ya sa nasa, wanda ya yi nasara ya kwashe. A nan kowane ɗaya yana tsakanin riba da asara, kuma wannan shi ne ainihin ma'anar caca. Sa'idu ɗan Musayyib da jumhuru sun halatta ta a abubuwa ukun idan aka shigar da muhallil, wato wani ɗan tsere na uku da bai sa ko sisi ba amma yana iya cinyewa. Sananniyar maganar Malikiyya ba ta karɓi muhallil ba, domin kuɗin yana iya komawa ga wanda ya sa shi. Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta ko babu muhallil, amma a tseren da ke ƙarfafa addini kaɗai, ba a kowane wasa ba.

Ƙwallon ƙafa ba ya cikin abubuwa ukun. Saboda haka sura ta uku haramun ce a cikinsa bisa dukkan waɗannan maganganu. Saɓanin da ya rage yana kan sura ta farko. Waɗanda suka riƙe zahirin hadisin Abu Huraira sun hana kyauta a ƙwallo ko da daga wani na daban ta fito. Wasu kuma suna ganin hadisin yana magana ne a kan abin da masu tsere ke ƙullawa tsakaninsu, kyautar wani na daban kuwa baiwa ce da aka rataya a kan sharaɗi. Masu sharhin Mukhtasar sun naƙalto zance biyu, halasci da karhanci, game da wanda ya sa kyauta don raɗin kansa ga 'yan kokawa ko masu gudu da ƙafa. Wannan ita ce surar da aka saba gani a ƙasar Hausa, inda basarake ko mai kuɗi ke yi wa ɗan kokawar da ya yi kaye kyauta, kuma ita ce surar kyaututtukan bikin kamun kifi na Argungu.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 14 a Doha cikin Janairun 2003, ta ɗauki ra'ayi mai faɗi a ƙudurinta mai lamba 127. Ta halatta gasa mai kyauta da sharuɗɗa huɗu: manufar gasar da hanyoyinta su zama halal, kada kyautar ta fito daga dukkan masu fafatawa, gasar ta cimma wata manufa da shari'a ke lura da ita, kuma kada ta jawo barin wajibi ko aikata haram. Ƙudurin ya kuma haramta yin fare a kan sakamakon aikin wasu.

Kofin Duniya a kan wannan ma'auni

Ta fuskar asalin kyauta, gasannin FIFA da CAF suna cikin sura ta farko: mai shirya gasa ne ke biya, daga kuɗin da ya samo wajen masu kallo da masu talla. Wanda ya bi ra'ayin halasci ba zai kira wannan kyauta caca ba. Amma wannan bai wanke gasar daga sauran tambayoyi ba. Cikin manyan masu ɗaukar nauyin Kofin Duniya akwai kamfanin giya na Budweiser, wanda Katar ta hana sayar da giyarsa a harabar filayen wasa kwana biyu kafin buɗe gasar 2022. Cikin abokan hulɗar CAF akwai kamfanin caca. Dukiyar ta cakuɗa ke nan, sai ta shiga babin mu'amala da wanda halal da haram suka haɗu a hannunsa. Sananniyar magana a mazhaba ita ce halascin karɓa idan halal ne ya rinjaya, tare da cewa tsantseni ya fi.

Kofin unguwa

Yanzu a dawo gida. Yadda aka saba shirya ƙananan kofuna a garuruwan Arewa, musamman da rani ko lokacin hutun makaranta, shi ne kowace ƙungiya ta biya kuɗin rajista. A ɗauki misali don bayani: ƙungiyoyi 16, kowace ta biya naira 10,000, an tara 160,000. Aka kashe 60,000 wajen alƙalan wasa da ƙwallo da raga, aka ba ta ɗaya 70,000, ta biyu 30,000. Ƙungiyoyi 14 sun rasa abin da suka ajiye, biyu sun tafi da shi. Wannan ita ce sura ta uku ba tare da wani bambanci ba. Kiran kuɗin da sunan rajista bai fitar da shi daga hukuncin ba, haka nan sayen kofi ko rago ko jesi da kuɗin maimakon miƙa shi tsaba. Mafi sauƙin gane wa shi ne wasan da unguwa biyu ke haɗa kuɗi a hannun wani amintacce kafin take wasa.

Yawancin masu shirya irin wannan ba su nufin caca. Matasa ne masu son raya gari, da yawansu masu tsare salla. Kyakkyawar niyya tana iya ɗauke zunubi daga wanda bai sani ba, amma ba ta gyara ƙullin da ya ɓaci. Kuma ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, da suka haɗa caca da giya wajen hani, sun ambaci illa biyu: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kangewa daga ambaton Allah da salla. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wasan ƙarshe ke rikiɗewa faɗa idan kuɗin 'yan wasa ne a ajiye ya ga illa ta farko da idonsa.

Gyaran ba shi da wuya, kuma ba ya buƙatar a soke gasar. Ana iya taƙaita shi kamar haka.

Na ɗaya, a raba asusu biyu. Kuɗin rajista ya tsaya a kan hidimar gasar kawai: ladan alƙalan wasa, ƙwallo, raga, shata fili, ruwan sha, da jinyar wanda ya ji rauni. Aliero gari ne da ya yi suna da masu ɗori, mutanensa ba su buƙatar a gaya musu abin da karaya ke ci. Wannan kuɗi ladan aiki ne da kowa ya amfana da shi, wanda ya ci da wanda aka ci.

Na biyu, kyauta ta fito daga wanda ba shi da ƙungiya a gasar: dillalin albasa, ɗan kasuwar Jega, hakimi, ƙaramar hukuma, ko hukumar makaranta. Kuɗin da 'yan kallo suka biya a ƙofa ma ya halatta a yi kyauta da shi, domin ba na masu fafatawa ba ne. Idan mai bayarwar yana da ƙungiya a ciki, sharaɗin Imamu Malik ya hau kansa: in tasa ta ci, kyautar ta wuce ga mai biye.

Na uku, kada a yi dabara. Idan aka kumbura kuɗin rajista da gangan don rarar ta koma kyauta, an koma gidan jiya. Abin da ya yi saura a mayar wa ƙungiyoyin daidai wa daida, ko a sa shi a wani aikin gayya da yardarsu. Yafe wa ƙungiya ɗaya rajista don ta zama muhallil ba mafita ba ce, saboda muhallil bai inganta a sananniyar mazhaba ba, waɗanda suka yarda da shi ma a abubuwa ukun nan suka yarda.

Akwai abin koyi a kusa. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986, kyaututtukanta daga gwamnatoci da masu hali suke fitowa, ba daga aljihun mahaddata ba.

Albashin ƙwararren ɗan wasa

Albashi babi ne daban. Ƙwararren ɗan wasa ma'aikaci ne da ƙungiya ta ɗauka na wani lokaci sananne a kan lada sananne, wannan ita ce ijara. Ƙarin da ake yi masa idan ya ci ƙwallo ko ƙungiya ta yi nasara ya fi kama da ji'ala, wato lada da aka rataya a kan kammala wani aiki. Ba ya ajiye kuɗinsa, saboda haka babu caca a ciki. Ingancin ijarar ya dogara ne a kan ko aikin yana da amfanin da shari'a ta yarda a biya dominsa, kuma a nan malaman zamani suka saɓa, gwargwadon saɓaninsu a kan kyautar wani na daban.

Maganar "sayen ɗan wasa" da ake yi a bakin jama'a tana rikita wasu. Ba mutum ake saya ba. Sabuwar ƙungiya tana biyan tsohuwar ne don ta yarda ta warware kwantiragin da bai ƙare ba, kuma sai da amincewar ɗan wasan. Tun hukuncin Bosman da Kotun Tarayyar Turai ta yanke a Disambar 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya ba tare da an biya kuɗin canjin ƙungiya ba. Dokokin FIFA sun iyakance kwantiragi ga shekara biyar, sun ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin canjin ƙungiya tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 23, sun kuma hana kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18 sai a wasu keɓantattun halaye. Ahmed Musa, wanda ya yi fice a Kano Pillars, sai da ya jira cikarsa 18 a Oktobar 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Sanin wannan doka kariya ce ga iyaye. Dillalin da ya ce a sayar da gona ko shanu zai kai yaro ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Turai, maganarsa ta saɓa wa dokar harkar tun kafin a auna ta da shari'a, inda take ƙulli ne mai garari.

Sharuɗɗan kwantiragi ma abin dubawa ne. Frederic Kanoute, ɗan wasan Mali, ya ƙi amincewa da tambarin kamfanin caca a rigar Sevilla a 2006. Papiss Cisse na Senegal ya yi jayayya da Newcastle a 2013 kan tambarin kamfanin bashi da ruwa. A Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiyar Ingila suka amince su cire tallan caca daga gaban riguna bayan kakar 2025/2026. Wannan ya nuna cewa damuwar ba ta Musulmi kaɗai ba ce.

Mai kallo da mai caca

Kuɗin shiga gidan kallo ijara ce a kan wurin zama da na'ura, hukuncinsa yana bin hukuncin abin da ake kallo da abin da kallon ke jawowa. Babbar matsalarsa lokaci ne. Wasan Ingila na ƙarfe 5:30 na yammacin Asabar, a lokacin hunturu yana kamawa 6:30 a agogon Nijeriya, wato daidai magariba a yankin Kebbi, kuma zaɓaɓɓen lokacin magariba ƙuntatacce ne a sananniyar maganar Malikiyya. Mai gidan kallon da ya kashe na'ura minti goma don salla ya sauke nauyin da ke kansa, kasuwarsa kuma ba ta mutu ba.

Cacar wasanni kuwa babu saɓani a kan haramcinta, ko a shago aka yanki tikiti ko a waya. Kebbi tana cikin jihohi goma sha biyu, har da Zamfara, da suka faɗaɗa aiki da shari'a, kuma a Nuwambar 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Sai dai doka tana iya rufe shago, ba ta iya shiga aljihun kowa, don haka bayani ya zama dole. Lissafin a sarari yake. Idan mutum biyu suka sa naira 1,000 kowanne a ɓangarori biyu masu daidaiton dama, aka ce wanda ya ci za a ninka masa 1.90, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya 1,900, ya riƙe 100 ko wa ya ci. Wanda ya haɗa wasanni goma a tikiti guda, kowane da rabin dama, damarsa ɗaya ce cikin 1,024. Wanda ya ce sanin ƙwallo yake amfani da shi ba sa'a ba, amsarsa ita ce ƙwarewa ba ta fitar da ƙulli daga caca muddin kowane ɓangare ya ajiye dukiya a kan abin da ba a san ƙarshensa ba.

Kammalawa

Ƙulle-ƙullen nan huɗu hukuncinsu ya bambanta. Caca haramun ce bisa haɗuwar malamai. Kyautar da aka tara daga aljihun masu fafatawa tana bin hukuncinta. Kyautar wani na daban da albashin ɗan wasa wuraren saɓani ne, kuma wanda ya bi halasci yana da magabata a cikin mazhaba da wajenta. Kuɗin kallo yana bin abin da kallon ya haifar. Malamin Aliero ko Jega ko Maiyama ba shi da iko a kan wanda FIFA za ta ɗauka abokin talla, amma yana da iko a kan kofin da ake bugawa a bayan makarantarsa. Idan masu shirya gasa suka zo neman addu'ar buɗe wasa, tambaya guda ta isa ta fara gyara: kyautar nan, wa ya bayar da ita? Allah ne Mafi sani.